Soso da Toka

Duk wanda ya ce maka warin kashin kaji ba ya jawo kisa, turo mini shi in ba shi labarin gidan Malam Sanusi. Katanga ɗaya ce tsakanina da su, ita ma rabinta ya zube tun daminar bara, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani. Sunana Hussaina. Ƙauyenmu ƙarami ne, can bayan Daudawa. In ka wuce gonakinmu sai daji, dajin kuwa kowa ya san masu shi.

Malam Sanusi mai shanu ne a da. Rana ɗaya da hantsi ɓarayin daji suka kora su kaf, har da bijiman huɗa, suka bar masa turaka da igiyoyi. Ya fi shekara yana zama a gindin darbejiya yana kallon turakan nan. Ɗansa na fari, Mas'ud, wanda ya yi zaman leburanci a Funtuwa, shi ya kawo shawarar fararen kajin nama da ake ce wa burola. Ya ce su ba a kora su a ƙafa kamar shanu, ba a kai su kiwo daji, in an zuba su kafin azumi, zuwa Sallah sun isa yanka. Ya zo da 'yan tsaki a kwali, da buhunan abinci, da robobin shan ruwa jajaye masu kama da ƙwarya a kife kan faranti. Ya fasa manyan tagogi biyu a tsohon ɗakin awaki, ya buga musu raga, ya shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa.

Da farko abin gwanin ban sha'awa. Tsaki na ci suna sha suna tsalle, iska na shiga ta wannan taga tana fita ta waccan. Larai, matar Malam Sanusi, takan kira ni ta kan katanga in zo in gani. 'Yar Mabai ce ta ƙasar Ƙanƙara, marar yawan magana, irin matan da har yau ke riƙe da kunyar ɗan fari. Duk zaman da na yi da ita ban taɓa jin ta kama sunan Mas'ud ba. Sai dai ta ce "ɗan nan" ko "wancan".

To amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Malam Sanusi ya ce kukan tsaki yana kaiwa har hanya, farar kaza daga nesa ake hango ta, gari kuma cike yake da masu kai rahoto daji. A wannan na ƙarshen kam bai yi ƙarya ba. Ranar kasuwa, Mas'ud ya tafi sayo abincin kaji, sai tsohon ya kwaɓa laka ya liƙe tagogin nan ruf, ya rataye buhu a bakin ƙofa. A tsakiyar bazara ake, ɗaki ya koma tanderu.

Da Mas'ud ya dawo ya gani, ya ce, "Baba, kajin ga iska suke so kamar mutum. Shaƙewa za su yi."

Malam Sanusi ya ce, "Su shaƙe a hannuna ya hi su yi ƙiba a hannun ɓarawo. Kai ka haihe ni ko ni na haihe ka?"

Sai maganar ruwa. Tun da mutanen daji suka kwance faifan sola na famfon gari, rijiya ɗaya muke bi, ita ma in bazara ta yi nisa sai ka zauna ka jira ta tsatso. A ƙauyenmu zubar da ruwa abin kunya ne, ko yaro ne ya yi sai ya sha ranƙwashi. Kuma tun kaka da kakanni ba wanda ya taɓa wanke kaskon kaji. Kasko na nan a gindin randa, ya yi kore ya yi baƙi, in ya ƙafe a ƙara masa, kajin Hausa su sha su kama gabansu, ga su nan garau. Wannan ilimin Malam Sanusi ya ɗauko ya ɗora wa burola. Ya karɓe aikin ruwa daga hannun ɗansa, wai yaron almubazzari ne. Ba ya zubarwa, ba ya wankewa, ƙari kawai yake yi. Har ruwan ɗauraye kwanuka ya sa Larai ta riƙa tara masa.

Ba a jima ba ɗaki ya fara ba da amsa. Ɓuntu ya jiƙe ya cure da kashi, ya koma kamar laka. Zarni ya tashi, irin wanda in ka leƙa sai idonka ya kawo ruwa. Kajin suka daina girma, suka tsaya buɗe da baki suna haki, gashin ƙirjinsu ya zube, wasu na tari, wasu na zawo da jini. Kullum safiya sai an fito da matattu. Malam Sanusi ya ce sammu ne, ya ce bakin mutane ne, har ni ya harara ta kan katanga. Ni kuwa na ce a raina, wane baki ne zai shiga ɗakin da ko iska ba ta shiga?

Matattun yake jefawa a juji bayan gida. Karnuka suka riƙa jan su zuwa hanyar daji, fararen gashi suka watsu a burtali tun daga bayan katangarsa. Abin da ya ɓoye wa ido, karnuka da hanci suka tona.

Azumi bai kai goma ba suka zo. Bayan azahar ne, rana ta take, kowa ya lafe a inuwa, sai muka ji ƙugin babura. Yahya mai faci, da ke zaune bakin hanya, ya tashi da gudu. Bai kai kwanar masallaci ba suka harbe shi a baya. Ya faɗi yana shure-shure, takalminsa ɗaya can gefe, ba su ko waiwaye shi ba. Gidan Malam Sanusi suka nufa kai tsaye, ɗayansu riƙe da fuffuken farar kaza. Na durƙusa a bayan zubabbiyar katanga ina leƙe.

Babbansu Rabo ne, ɗan siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunya. Daga Faskari har Sabuwa an san muryar nan, ba kuma wanda ke fatan jin ta. Ya ɗaga buhun ƙofar ɗakin kaji da bakin bindiga. Warin ya buge shi ya ja da baya yana tari, idonsa na hawaye. Wani cikin yaransa ya yi dariya. Rabo ya rufe hanci da rawani ya shiga. Ya fito da kaza ɗaya riƙe ta ƙafa, ɗaya hannun da robar ruwa.

Ya ce wa Malam Sanusi, "Tsoho, wagga kaza ce ko tattabara?"

"Ranka ya daɗe, ciwo ne ya same su."

"Ciwo." Rabo ya tsoma yatsa a farantin robar ya ɗago. Wani koren yauƙi ya biyo yatsan, da guntun kashi da gashi. "Na yi kiwo kahin in zama abin da kake gani. Ban taɓa ba dabba ruwan da ni ban iya sha ba. Kai kana iya shan wanga?"

"Ina azumi, ranka ya daɗe."

"Allah ya san tilas ce. Sha."

Malam Sanusi ya rufe baki. Gindin bindiga ya buɗe masa shi. Na ji ƙarar haƙoran daga inda nake, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Biyu suka danne shi a ƙasa, ɗaya ya kama gemunsa ya ɗaga, Rabo ya riƙa ɗura masa ruwan nan a hankali, ba gaggawa, kamar mai ba jinjiri magani. Jini da yauƙi na gangarowa ta wuyan rigarsa, yana ƙwarewa, ana ci gaba da ɗurawa.

Mas'ud ne ya kasa daurewa. Ya yi kukan kura ya hankaɗe robar daga hannun Rabo. Suka taru a kansa. Duka da gindin bindiga, shuri a ciki, shuri a fuska, har sai da ya daina kare kansa. Ɗaya ya saita masa bindiga a kunne, Rabo ya ɗaga hannu ya hana. Suka ciro igiyar shanu daga turken uban, wadda ta yi shekara ba ta ɗaure komai ba, suka ɗaure masa hannu ta baya, suka kifa shi kan babur kamar buhu.

Larai na tsaye a ƙofar madafa, ludayi a hannunta, ba ta motsa ba. Rabo ya dube ta ya ce, "Inna, ke ce uwar wanga?"

Ta gyaɗa kai.

"Jajiberin Sallah ina dawowa, yarana suna son nama. In na iske kaji sun cika hannu, in sauke maki ɗanki a ƙohwar gida. In na iske su haka, in aiko maki da hularshi. In kau kunka gudu, ko kunka kira 'yan sa-kai, ko hular ba ki gani."

Kafin la'asar an binne Yahya. Kafin magariba Malam Sanusi ya fara amai, kashegari zawo ya biyo baya, har da jini, daidai irin na kajinsa. Ƙaton mutum ya zube kan tabarma, ko buta ba ya iya ɗagawa. Na shiga duba shi, na tarar da Larai tsugune a tsakar gida da robar da aka ɗura masa, tana juya ta a hannu tana kallo.

Ta ce, "Hussaina, kin ga ƙato guda ruwan ga ya kayar yini ɗaya. To ina ga tsako, da yake sha kullum?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ɗauki taɓarya ta nufi ɗakin kaji. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya gaban mijinta ba, ita ce ta tsaya tana dukan lakar da ya liƙa da hannunsa, har tagogin biyu suka buɗe. Daga ɗaki Malam Sanusi ya yi wata magana da fasasshen bakinsa. Ta ce, "Malam, kwanta. Ɓarawon da kake ɓoye mawa ya riga ya gani."

Muka kwashe ruɓaɓɓen ɓuntun da kwando, muna yi muna kakarin amai. Ta share ɗakin, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa sabon ɓuntu busasshe. Kajin da suka fi jin jiki ta ware su a akurki can nesa. Sannan ta zauna wa robobin. Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, ta sa soso da toka tana dirza, koren yauƙin na fita ɓawo-ɓawo, har jar robar ta dawo. Ta shanya su a rana. Da ta mayar, sai ta ɗora kowace a kan bulo don kada kaji su riƙa watsa ɓuntu da kashi a ciki. Tun daga ranar, safe da yamma, sai ta zubar da ragowar ruwa, ta wanke, ta zuba sabo.

Sai dai wanki ruwa yake ci, rijiya kuwa ba ta da shi. Mata suka fara tsegumi a bakin rijiya. Bilki, wadda bakinta ya fi guganta zurfi, ta ce mutane na ƙishi ana yi wa roba wanka. Na ce mata in ɗanta ne ke ɗaure a daji, da harshe ma sai ta lashe robar. Mun yi kwana biyu ba ma gaisawa, ban kuma yi nadama ba. Larai dai ta daina zuwa rijiyar. Ta koma tafkin da ke bakin daji, inda ba wata mace da ta taka tun da aka fara wannan bala'in, domin a nan yaran Rabo ke shayar da shanun sata.

Sau ɗaya na raka ta, ban kuma sake ba, ni ba jaruma ba ce. Mun cika jarkoki mun ɗora a ka, sai ga su sun ɓullo da garke. A cikin garken Larai ta hango jan bijimin mijinta, ta kau da kai. Wani mai jajayen ido ya tare mu, ya zabga mini bulala a gadon baya don na daɗe ban gaishe shi ba. Larai ta ce masa, "Don Allah, ɗan nan da kunka tahi da shi, yana lahiya?"

Ya ce, "Yana nan, ya rame kamar kajinki." Suka bushe da dariya.

Mun juya ke nan na ji ƙarar bindiga dab da mu. Na zube ƙasa ina salati, na ɗauka an kashe ta. Ashe jarkar da ke kanta mai jajayen idon ya harba, don wasa. Ruwa ya kwararo mata ta fuska, jini na fita ta kunnenta na hagu. Tun daga ranar kunnen bai sake ji ba. Ta tsaya jiƙe sharkaf tana kallon fasasshiyar jarkar. Ta zo ta ɗauki tawa da ta faɗi, ta koma tafkin a gabansu, ta sake cikawa.

Haka ta riƙa yi, da azumi a bakinta, a ranar bazara mai narka ƙwaƙwalwa. Ruwan tafki ruwan shanu ne, ba ta yarda da shi ba. Sai ta tace shi da mayafi, ta tafasa, ta zuba a randa ya huce, sannan kaji su sha. Ta ƙone karan danga, ta ƙone tsohon gadon kara, har turakan shanun nan ta tumɓuke ta sa a murhu. Malam Sanusi na kwance yana kallo ta ƙofa.

Kuma wallahi kajin suka amsa. Tarin ya lafa, jinin ya ɗauke, suka koma kan abinci kamar masu ramuwa. Waɗanda ciwon ya riga ya tsumburar ba su taɓa kamo 'yan uwansu ba, amma sauran ƙirjinsu ya buɗe, ƙafafu suka yi kauri, gashi ya yi fari tas. Kowace safiya Larai takan ɗauki kaza a hannun dama, ɗan dutsen niƙa a hagu, ta rufe ido tana gwada nauyi. Ran da kazar ta rinjayi dutsen ta kira ni ta kan katanga. Ba ta yi dariya ba, ta dai miƙo mini su biyun ta ce in ji da hannuna. Na ji, na fashe da kuka.

Ranar jajiberi da hantsi suka dawo. Gari ya yi tsit, kowa ya kulle ƙofa. Suka sauke Mas'ud a tsakar gida. Sai da na ƙura ido na gane shi. Ya koma ƙashi da fata, igiya ta ci wuyan hannunsa har nama, ƙafa ɗaya ta kumbura ba ya iya taka ta. Amma yana numfashi, yana kuma kallon uwarsa.

Rabo ya shiga ɗakin kaji, wannan karon bai rufe hanci ba. Ya daɗe a ciki. Ya fito da kaza a hannu yana ɗaga ta yana saukewa, yana matsa ƙirjinta da babban yatsa.

Ya ce, "Ashe ana iyawa."

Yaransa suka shiga kama kaji suna ɗaure ƙafafu suna rataye su a babura. Ni ina bayan katanga ina hamdala a zuci, ina cewa an gama, Allah ya fid da mu. Sai na ga Rabo ya tsaya gaban robobin da ke shanye a kan turmi, jajaye, suna ƙyalli a rana. Ya ɗauki ɗaya ya shafa cikinta da yatsa, ya dubi yatsan.

Ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na sa an kawo mani tsakin ga daji. Duk mutuwa suke." Ya juyo. "Wa ya yi aikin ga?"

Malam Sanusi ya fi ni saurin ganewa. Ya dafa bango ya fito daga ɗaki, rigarsa na reto a jikinsa, ya ce da bakinsa marar haƙora, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ni na yi. Na ɗauki darasin da ka ba ni."

"Nuna hannu."

Ya nuna. Hannun wanda ya yi makonni a kwance ne, sumul, ba ko ƙurji. Larai ta tura nata ƙarƙashin mayafi. Mai jajayen idon nan ya fizgo su waje. Toka ta cinye su, sun yi fari fat, sun tsattsage, farata sun zaizaye, tsakanin yatsu duk gyambo.

Rabo ya ce, "Na cika alkawari, ga ɗanki nan. Ke kau, Inna, hau mashin."

Malam Sanusi ya faɗi ya rungume ƙafarsa, yana cewa a tafi da shi, a kashe shi, shi ne ya liƙe tagogin, shi ne mai laifi. Gindin bindiga ya sauka a kafaɗarsa, na ji ƙashin ya ce ƙas, amma bai saki ba sai a bugu na biyu. Mas'ud ya yunƙura da ƙafa ɗaya, ya faɗi, ya sake yunƙurawa. Mai jajayen ido ya taka masa wuya ya ɗora masa bindiga a ka, ya dubi Rabo yana jiran izini.

Larai ta ce, "Ku bar shi. Ina zuwa."

Ta shiga madafa. Ta fito da soson nan, da toka ƙulle a haɓar zanenta. Yaran suka tattara robobin suka ɗaure a bayan babur. Ta wuce mijinta, ta wuce ni da ke leƙe ta katanga ba ta dube ni ba. Da ta zo daidai ɗanta sai ta tsaya.

Ta ce, "Mas'udu."

Ya ɗago kai daga ƙasa. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"In an sha ruwa, ka sha na randa. Na tahwasa shi."

Ta hau babur tsakanin fararen kajinta da ke reto kai ƙasa, suka yi daji da ita.

An yi Sallah, an yi damina, an yi girbi, ga wani azumin na ƙaratowa. Wani da ya kuɓuto ya ce ya ga wata tsohuwa mai ji da kunne ɗaya a wani sansani can wajen Sabuwa, tana kiwon kaji. Ba mu san ko ita ce ba. Mas'ud yana ɗingishi har yau. Ɗakin kajin yana nan wayam, tagoginsa a buɗe. Kaza ɗaya ce ta rage a gidan, 'yar Hausa, baƙa, wadda ko ruwan kwata ta sha ba abin da zai same ta. Kullum safiya ina jin Malam Sanusi ta kan katanga, da hannunsa ɗaya mai aiki, yana zubar da ruwan kaskonta yana dirza shi da toka. Rijiya ta sake ƙafewa, amma har Bilki ba ta ce masa komai ba.